Tsohuwar da Ta So Ganin Kazar Ruwa

Zauna tukuna, ɗana. Na ji ka ce sai aiki ya lafa za ka leƙa gida ka gaida tsohuwa. Bari in ba ka labarin wani maƙeri.

Maƙerin nan yana zaune a wani gari na tudu tare da mahaifiyarsa. Ita kuwa haifaffiyar bakin tafki ce, aure ne ya raba ta da ruwa. Da tsufa ya kama ta sai yanar ido ta fara rufe mata gani, yau ta gane fuska, gobe sai inuwa. Ba ta roƙe shi zane ba, ba ta roƙe shi nama ba. Abu ɗaya take so, ya ɗora ta a amalanke ya kai ta tafkin garinsu ta ga kazar ruwa kafin hasken ya ɗauke. In tana tsintar wake a tsakar gida sai ta riƙa siffanta masa ita: tsuntsuwa ce baƙa mai jan goshi, bakinta ja da ɗan rawaya a tsini, yatsunta dogaye, tana taka ganyen bado kamar mai tafiya a kan tabarma. Ta ce mai gaggawa ba ya ganinta. Sai mutum ya zauna da sassafe a gindin ciyawar kacala, ya haɗiye tari, ya bar motsi, sannan za ta fito tana gyaɗa kai, tana ɗaga jela, farin ƙarƙashinta na walƙawa. Da ta ji ƙwas, ta ruga a kan ruwa da fuka-fuki ta shige ciyawa. Maƙeri yakan yi murmushi ya ce, "To Inna, bari damina ta wuce." Ba ƙarya yake yi ba, manoma sun cika maƙera, kowa na jiran fartanyarsa. Damina ta wuce, aka shiga neman lauje. Kaka ta wuce, ya ce sanyi ya yi wa tsofaffi yawa. Sanyi ya wuce, ya ce ai yanzu tafki ya janye. Daga nan tsohuwa ta daina tambaya. Shi kuma ya ɗauka ta manta ne, har ya ji sauƙi a ransa.

Wata damina ta zagayo. Ran nan da safe ya miƙa mata ƙwaryar koko, sai ya ga hannunta yana lalube a iska, can gefen da babu ƙwarya. A ranar ya kashe wutar maƙera, ya bar manoma suna ta mita, ya ari amalanke ya shimfiɗa mata tabarma suka kama hanya. Washegari tun raɓa ba ta bushe ba ya zaunar da ita a bakin tafki, daidai inda take faɗa masa. Suka yi shiru har ƙafarsa ta yi tsami. Can sai ciyawa ta motsa, kazar ruwa ta fito tana gyaɗa kai, 'yan tsakinta baƙaƙe na biye da ita a kan bado. Ya raɗa mata, "Inna, ga ta nan." Tsohuwa ta juya fuska wajen da babu komai sai ruwa. Da tsuntsuwar ta yi kuka sai tsohuwa ta gyara zama, ta karkato kunne, ta ce, "Ita ce. Goshin nan, ja ne har yanzu?" Ya ce, "Ja ne Inna, ja wur." Ta ce, "To duba mini ita da kyau." Ya ƙura ido don ya duba mata, amma hawaye ya cika masa ido, shi ma bai ƙara ganin komai ba sai wani baƙin abu yana yawo a kan kore. Tsohuwa ba ta yi masa gori ba. A hanyar komawa ma albarka ta yi ta sa masa, ta ce ya sha wahala saboda ita, kuma wannan albarkar ta fi masa zagi ciwo. Ta ƙara shekaru a duniya cikin duhu, shi ke ja mata sanda, shi ke ba ta abinci a hannu, duk abin da ta nema yana kawowa kafin ta rufe baki. Abu ɗayan da ta roƙa tun tana da ido, shi ne ya gagare shi.

Saboda haka tashi ka ɗaura takalminka tun tsohuwarka tana gane fuskarka. Hausawa sun ce, da na sani ƙeya ce, a baya take.