Ladabin Treloar

"Matsa gaba, Mista Pask, gindin bishiya ai na manya ne," in ji Treloar, har da cire hula.

Na ja kyamarata mai ƙafa uku na wuce, ko godiya babu. Jiya-jiya ya bar tallan albasa a Melbourne, wai shi ma mai hoto. Uwar otal ɗinmu na Marysville za ta zaɓi hoton babbar bishiyar guda ɗaya don katin da baƙi ke aikawa gida, mai shi ya riƙe aikin hoton otal. Shekarata ashirin ina wanke gilashin hoto, da wannan zan kara?

"Koma baya ka ɗauki ciyawa, mai albasa," na ce, na cusa kai cikin baƙin mayafin kyamara.

Nasa ta zaɓa.

Na ƙura wa katin ido. Ga bishiya ta tokari sama. Can ƙasa wani ɗan tsurut ya turo ɗuwawu daga mayafi. Wandona ne.

"Sai an tsayar da mutum ake ganin tsayinta," in ji Treloar. "Na duba garin nan kaf, ba wanda ya kai ka gajarta."

Katin ya je har Landan. Fuskata ce ba ta samu zuwa ba.