Kan Kibiya a Gonar Baba

Ranar da mai rubuta tarihin yaƙe-yaƙe ya zo gonarmu a Tsarnawa, ko takalmi ban tsaya sawa ba. Littattafansa ne malaminmu yake karanta mana a lakwal, wato makarantar boko, har mu manta da lokacin tashi. Sai ga shi da la'asar, siririn tsoho da sanda, yana tambayar Baba inda aka gwabza a zamanin kakanni.

A aljihuna akwai guntun ƙarfe mai tsatsa da hauya ta tono. Irinsa Baba kan tara ya kai wa maƙeri ya ƙera masa basilla. Na miƙa wa baƙon.

Tsohon nan ya yar da sanda! "Kan kibiya ne wanga! Ina ka samo shi, jikana?"

Na ja shi da gudu zuwa gindin gawo. Ya durƙusa, ya jera karan gero a matsayin mahaya, tsakuwa kuma maharba, har na ji kamar ƙasa tana girgiza. Na yi tsalle na ce, "Kaka, wa ya ci?"

Ya danƙa mini ƙarfen a tafin hannu, ya ce, "Wanda ya harba wanga, gero ya baro bai nome ba."

Har yau ina karanta littattafansa da ɗoki irin na ranar. Amma ko wane yaƙi na buɗe, sai na tambayi kaina wa ya nome gonar.