An Gama Magana a Gindin Butar Shayi

Babu wanda ya kai Sumire Kuramochi murna da sabon tsarin kamfaninsu na kayan zaƙi da ke Osaka: mai son ofis ya zo ofis, mai son gida ya yi aikinsa daga gida. Ta tattara ya-nata-ya-nata ta koma ƙauyensu a Wakayama, wajen mahaifiyarta mai gonar lemo. Aikinta zana kwalayen da ake zuba alewa, kuma tunda ta samu iskar ƙauye zanen nata ya ƙara kyau.

Kullum da safe sai ta sa kwat ɗin ofis a sama, wandon gona a ƙasa, ta zauna gaban kwamfuta tana rusuna wa abokan aikinta.

"Oh ni!" in ji tsohuwar. "Na haifi 'ya tana gaida akwati. Sumi-chan, shi ma yana rusuna miki kuwa?"

"Mama, suna jin ki fa!"

"Su ji mana. Ƙarya na yi?"

Da kaka ta kama, aka ce za a zaɓi wanda zai jagoranci zanen kwalayen sabuwar shekara, aikin da duk wanda ya riƙe shi sai an ƙara masa girma. Sumire ta daɗe tana jiran wannan rana. Ta shafe makonni tana shiri. Ranar taro ta yi bayani tiryan-tiryan, fuskokin da ke kan allo suna ta gyaɗa kai.

Shugaban sashensu, Horikoshi, mutum mai fara'a da son jama'a, ya ce, "Kai, madalla! Za mu duba." Sai ya juya ya sanar cewa wani abokin aikinta, Tsuruta, shi zai riƙe aikin. Tun bai rufe baki ba tafi ya tashi, irin tafin mutanen da suka riga suka sani.

Da rana Tsuruta ya kira ta, muryarsa a sanyaye.

"Kuramochi-san, na rantse na ɗauka an gaya miki. Tun makon jiya aka gama magana a ofis, a gindin butar shayi. Na bi kowa tebur-tebur na nemi bakinsa, kamar yadda aka saba. Kin san taro ai cika al'ada ne kawai."

"To ni nawa teburin fa?"

Ya ce, "Babu wanda ya tuna."

Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Da ƙiyayya ce, da ta san da wa za ta yi. Amma mutanen kirki ne, suna son ta, kawai dai ba ta shan shayi tare da su. Ta shiga gona ta yi kukanta.

Tsohuwar ta iske ta. "Share hancinki. Ƙungiyar manoma sun daɗe suna neman mai zana musu kwalaben ruwan lemo. Na yanzu kamar kaza ce ta taka tawada."

Sumire ta fashe da dariya, hawaye bai bushe ba. Kafin wata ya ƙare ta ajiye aikin Osaka.

Sai ga Horikoshi ya biyo jirgin ƙasa har ƙauyen, da kwalin tsaraba a hannu, takalminsa mai ƙyalli yana nutsewa a taɓo. Ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa.

"Ki gafarce ni, Kuramochi-san. Amma ai ƙofata kullum a buɗe take."

"Ƙofarka tana Osaka, yallaɓai, 'yata tana nan," in ji tsohuwar. "Ungo kwandon nan, tunda ka zo ba ka tsaya mana haka ba."

Haka ya wuni yana tsinkar lemo cikin kwat, maƙwabta suna yi masa tsiya, shi ma yana dariya. Aka ci shinkafa da gasasshen kifi a ƙarƙashin itace. Da zai tafi ya roƙi Sumire ta dawo.

"Yallaɓai, da kira ɗaya ka yi mini kafin taron nan, ko da ba ni za a ba aikin ba, da har yau ina tare da ku. Yanzu na riga na yi wa manoma alkawari."

Ya koma da kwalin lemo a kafaɗa, ya baro mai zanen da kamfaninsa ya yi shekaru yana tinƙaho da ita.

Masu karatu, an ce zumunta a ƙafa take, sai muka ɗora wa na nesa nauyin tafiyar duka. Ba haka ba ne. In kun yarje wa mutum ya yi aiki daga gida, ku neme shi tun shawara tana ɗanya. Wanda ba a tuna shi sai ranar sanarwa, korarsa ake yi ba a sani ba.