Riɗin da Ƙwaro Bai Taɓa Ba

To, na ji. Ka ce wani kamfani daga ƙetare yana son kayanka. Allah ya sanya alheri. Ni dai shekara talatin ina cikin harkar nan, gwiwa ta gaji, baki ma ya gaji. Amma zauna in ba ka misali ɗaya, in ya so ka tashi.

An yi wani manomin riɗi a wani ƙauye, mutum mai amana, irin wanda in ya auna maka tiya sai ya ƙara da hannu. Wata shekara wani baƙo mai sayen kaya ya zo daga ƙasar waje, ya zaga kasuwanni har ya faɗo ƙauyensu. Abin da ya ja shi abu ɗaya ne: mutanen nan ba sa fesa wa gona magani. Ba don wayo ba, wallahi, kuɗin sayen maganin ne babu. Baƙo ya tafi da samfur, aka gwada, ya aiko cewa yana son kwantena guda, in ta yi kyau kuma duk shekara zai dawo. Sharaɗinsa kada magani ya taɓa riɗin. Gida arba'in suka haɗa noman shekararsu suka damƙa a hannun mutumin nan. Kai, sun sha aiki! Mata suka sheƙe, suka tsince tsakuwa da hannu har idanu suka yi ja. Aka shanya a kan tabarma, ba a bakin kwalta ba, aka zuba a sababbin buhuna.

Ana gobe za a yi lodi sai direban motar ya faɗa wa manomin nan cewa tsakanin hanyar Legas, da jira a tashar jirgin ruwa, da tafiya a teku, kayan za su yi wata uku a rufe. Nan hankalinsa ya tashi. Wata uku! A garinsu, wanda ya ɗinke buhu na wata uku bai barbaɗa masa garin maganin ƙwari ba, sakarai ake ce masa. Haka ya ga ubansa yana yi wa wake, haka kowa yake yi. Ya ce a ransa, baƙon nan bai san ƙwarin ƙasarmu ba, in kaya suka isa da ƙwari a ciki, da wane ido zan dubi mutane? Ya je kasuwa ya sayo maganin daga aljihunsa, ya bi buhuna ɗaya bayan ɗaya yana barbaɗawa kaɗan-kaɗan. Bai gaya wa kowa ba, don shi a ganinsa alheri ne, alheri kuwa ba a yi masa shela.

Kaya suka isa. Can ba a duba riɗi da ido ko a tauna a ji, a na'ura ake sa shi. Na'ura ta ga magani. Hukumar ƙasar ta hana kayan shiga, dawo da su kuma ya fi ƙarfin ƙauyen, aka lalata su a can. Baƙon bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba. Saƙo ya turo na layi biyu, da shekara ta zagayo ya tafi wata ƙasa ya sayi riɗinsa. Shi duniya faɗi gare ta, masu riɗi sun fi a ƙirga. Mutanen ƙauyen kuwa ƙofa ɗaya ce ta taɓa buɗe musu.

Abin da ke ci mini rai har yau, mutumin nan ba macuci ba ne. Da ya zuba yashi ne ko ya jiƙa buhu don nauyi, da na ce Allah ya ƙara. Mutanen garin ma ba su kai shi ƙara ba. Suna gaishe shi a masallaci, sai dai ba wanda ya sake ba shi ajiyar ko mudu ɗaya. Da aka karanta masa takardar gwajin, tambaya ɗaya ya yi, murya ƙasa-ƙasa: "To, an samu ƙwari a ciki?" Aka ce masa a'a, ko ɗaya babu.

Hausawa dai sun riga sun faɗa: garin neman gira aka rasa ido.