Ranar da Ciyaman Ya Sha Ruwan Garinmu

Masu ba ƙasashe rance sun kawo doka: duk wanda ya sa hannu a aikin ruwa, sai ya sha a gaban jama'a. In ya ƙi, a tsayar da sauran aikin.

Ranar Laraba Ciyaman Barau ya zo bakin sabon famfonmu yana gumi. Na miƙa masa moɗa.

Ya ce, "Baba Na'iya, ruwan nan lafiya kuwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ka ba da kwangilar."

Mata suka tuntsire da dariya. Wata na'urar ɗaukar hoto ta masu rancen tana shawagi a kanmu, ko mu ba ta daina kallo ba.

Ya runtse ido, ya kurɓa. Sai ya buɗe baki: "Kai! Ashe aikin ya yi kyau!"

Guɗa ta tashi, ya nemi ƙari.