Hujin Goge

"Baba, wannan ai a huje yake," in ji Alhaji, yana zura yatsa a hujin da ke fatar gogen. "A falona na Dutse zan rataye shi, baƙi su ga ɓula?"

Tsohon da ya haɗa gogen ya dube shi sheƙeƙe. Sati uku ya yi yana neman fatar guza, ya tsefe gashin wutsiyar doki sili-sili ya ɗaura tsirkiya. Ta hujin nan murya take fita.

"Ranka ya daɗe, bari a gyara."

Ya yanko guntuwar fata ya toshe hujin. Da ya goga, sai gogen ya yi kakari kamar an shaƙe akuya.

Alhaji ya washe baki. "Yauwa! Yanzu ka yi aiki."