Mai Aski da Dukushin Surukinsa

Mai askin bakin layi ya daɗe yana horar da dawaki a cikin wayarsa. Wasa ne da ake yi da mutanen da ba ka taɓa gani ba: a ba ka dukushi, wato ɗan doki, ka hore shi, ka kai shi tsere. Sai ya bar mutum da rabin kai a aske, ya ajiye inji, ya duba ko dokinsa ya ci tseren. 'Yan zaman benci suka laƙaba masa Sarkin Sukuwa, shi kuwa ya ɗauki sarautar da gaske.

A cewarsa ya gano sirrin wasan. Ka yi ta danna bulala, layin ƙarfin doki ya cika ya yi kore. Ka ɗora masa nauyi tun yana ƙarami, ya fi sa'o'insa gudu. In ya faɗi, ka danna magani, ya miƙe garau. Kuma duk wasan daga bayan doki ake kallonsa, wutsiya a saitin hanci.

Masu karatu, ni da nake ba ku labarin nan ban taɓa zama a aji ba, a gindin turke na yi furfura. Ingarma ya karya mini haƙarƙari, goɗiya ta gatsi naman kafaɗata, ga ni nan daram, na binne waɗanda suka fi ni ƙirji. In na ce doki ba ya manta duka, ku riƙe da hannu biyu.

Surukin mai aski, uban matarsa, da keken doki yake cin abinci, yana ɗaukar wa magina bulo. Goɗiyarsa ta mutu ta bar masa dukushi ja mai farin goshi, shi ke nan abin da ya rage masa a duniya. Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi a asibiti, sai ya sa aka kai dukushin gidan 'yarsa.

"Ciyawa da ruwa kawai," in ji tsohon. "Ko tsumma kada a ɗora masa, bayansa bai yi ƙwari ba."

"Haba Baba, ai a hannun gwani ka bar shi."

A shago kuwa tsiya ta tashi. Wani direba ya ce, "Sarkin Sukuwa, ga doki mai kashi da fitsari a gidanka. Ko sai na cikin gilashi ka iya?"

Benci ya ɗauki dariya. Mai aski ya yi ƙwafa. "Kafin Baba ya fito, sai kun biya kuɗin kallo."

Washegari da safe bai buɗe shago ba. Ya cika buhu da yashi, ya ɗaure a bayan dukushin da igiyar shanya, ya naɗe wayar lantarki a hannu ta zama bulala.

Matarsa ta fito da kumfar wanki a hannu. "Baban yara, me Baba ya ce maka?"

"Ke, koma kan wankinki. Dawakin da na hora ba ki iya ƙirga su."

"A waya fa!"

"Doki doki ne."

Ya zabga wa dokin bulala. Dukushin ya zabura, igiyar da aka ɗaure shi da ita ta shaƙe wuyansa. Ya ƙara. Fatar cinya ta tsage, jini ya bi ƙafa har kofato. Dabbar ta hau karkarwa, fitsari na zuba, ido ya juye ya yi fari. Matar tana ihu tana cewa ya ji tsoron Allah, shi kuwa jira yake ya ga ƙarfin ya cika. Sai ya zagaya ya tsaya daidai wutsiya, inda ya saba tsayawa a wasa, ya ɗaga bulala.

Kofato biyu suka tashi tare. Ɗaya ya sami muƙamuƙi, haƙora suka watse a kan siminti kamar an zubar da tsakuwa. Ɗayan ya haɗa hannunsa na dama da bango ya niƙe. Ko salati bai samu ya yi ba.

Dukushin ya tsinke igiya, buhun ya zamo ƙarƙashin cikinsa yana dukan ƙafafunsa, ya ɓalle ƙyauren gida ya yi titi. Ƙafarsa ta gaba ta zurma cikin kwata, aka ji ƙas! Ƙashi ya huda fata ya fito fari fat. Yana ta yunƙuri yana haniniya, har 'yan benci suka kau da kai. Mahauci aka kira, ya zo da wuƙa ya hutar da shi.

Mai aski ya farfaɗo a asibitin da surukinsa yake, baki ɗaure da ƙarfe, yatsun da yake riƙe inji da su an yanke. Aka turo tsohon a keken marasa lafiya har bakin gadon. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba.

"Yaro, ina amanata?"

Can wayar mai askin ta yi ƙara a jakar matarsa, wasan ne yake kira wai dokinsa ya huta, a zo a ci gaba da horo. Ta ciro ta, ta aza wa mijin a ƙirji.

"Ga shi, gwani. Danna maganin, dokin Baba ya tashi."

Yau shagon aski a kulle yake. Tsohon kuma, da ƙafarsa mai ciwo, shi yake tura baro ya kai wa magina bulo.

Jama'a, abin da yatsa ya koya a kan gilashi kada a gwada shi a kan mai rai. Amana in ta karye ba a danna mata magani, kuma wanda bai sani ba ya tambaya tun haƙoransa na bakinsa.